Ƙanena ya kafe sai soja, an ce mu kawo kuɗin gurbi

Yaya Habu: Assalamu alaikum jama'ar gida, ya aikin gona. Shawara nake nema a kan ƙanena Sadi, autan Innarmu, da yawanku kun san shi. Bana ya gama sakandare, shekararsa 19. Tun yana firamare, in motocin kuratan soja suka biyo titin Jos za su dajin Falgore, shi ne kan gaba a yaran da ke binsu da gudu suna ɗaga hannu. Mun ɗauka ƙuruciya ce za ta wuce, ba ta wuce ba. Yanzu kullum yana sallame asuba zai fita gudu, ya dawo kafin mu ɗaura wa shanu garma, kuma ya ce shi a duniya ba abin da yake so sai kaki.

Wani mutum da aka haɗa mu da shi ranar kasuwa ya ce yana da hanya. Wai akwai wani babba da ke ba shi gurbi uku duk lokacin ɗauka. Ya ce mu kawo dubu ɗari huɗu, rabi yanzu, rabi in suna ya fito. Ba mu da wannan kuɗi a ajiye, sai dai mu sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa. Inna kuma tun da ta ji maganar sojan nan barci ya ƙaurace mata. Ni na rasa ta inda zan kama. Wanda ya san yadda ake shiga aikin nan da gaske, don Allah ya yi mana bayani.

Isiya Mai Kafe: Wa alaikumus salam. Yaya Habu, kafin a ce komai, kada ku taɓa shanun nan. Ni nake cike wa yara fom ɗin nan duk shekara a shagona. Fom ɗin kurtun sojan ƙasa kyauta ne, a shafin rundunar ake cikewa, kuma su da kansu suna rubutawa a sanarwarsu cewa ba a biyan ko kwabo. Abin da nake karɓa kuɗin data ne da na buga takarda.

Ɗanladi Direba: Isiya, fom kyauta ne, mun ji. Shiga fa? Ku daina ruɗin mutane. Ni sau biyu ina neman aikin ɗamara a lokacina, sau biyu ana dawo da ni daga wajen tantancewa, alhali na fi rabin waɗanda aka ɗauka ƙarfi. Wanda ba shi da uwa a gindin murhu haka zai yi ta kai da kawo har shekarunsa su wuce. Habu, ban ce ka ba wannan mutumin ba, don ban san shi ba. Amma ka nemi wanda zai riƙe wa yaron hannu.

Baba Saje: Habu ɗana, na ga saƙonka tun la'asar, na bari sai na yi sallar isha na zauna, don maganar tana da tsawo.

Abu na farko da nake so ka gane, har da Sadi in yana karantawa: soja ba ƙofa ɗaya ba ce. Yawancin yaranmu na ƙauye ƙofa ɗaya suka sani, wadda ni na bi, wato kurtu. Ka cike fom, a kira ka tantancewa a jiharka ta asali, in ka tsallake a kai ka Depot ta Zariya, wadda take horar da kurata tun 1924. Wata shida ake yi. Waɗancan motocin da Sadi yake bi da gudu, atisayen daji suke zuwa kafin a yaye su. In ka fito kai ne farabiti, ba igiya ko ɗaya a hannunka. Daga nan sai las kofur, igiya ɗaya, kofur biyu, saje uku, kuma tsakanin kowace igiya da ta gaba akwai shekaru da kwas da jarrabawa. Ni sai da furfura ta fara fito mini na ɗaura ta uku.

Ƙofa ta biyu ita ce NDA ta Kaduna, makarantar hafsoshi, wadda aka buɗe a 1964. Ita ma da takardar sakandare ake shiga, wannan ne abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Yaro zai yi shekara biyar in sojan ƙasa ne, ana koya masa karatun jami'a ana koya masa soja, gwamnati ke ciyar da shi ta tufatar da shi. Ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa. Ranar da ya fito, ni da na shekara ashirin a bariki ni zan ƙame in sara masa, kuma haka tsarin yake, ba na jin haushinsa. Na yi aiki a ƙarƙashin yaran da na haife su, wasunsu na ga hankali da jarumta a wajensu da har yau nake yi musu addu'a. Amma da a lokacina akwai wanda ya zaunar da ni ya nuna mini bambancin ƙofofin nan biyu, da na tsaya na gyara takarduna na gwada ta Kaduna tukuna.

Ta uku sai bayan an yi digiri ko babbar difloma. Ana ɗaukar masu ilimi a ba su horo na watanni su fito hafsoshi, likitoci, injiniyoyi, lauyoyi, malamai, har limamai. Wannan ta yi wa Sadi nisa yanzu, amma a san da ita.

Shi kuma mai gurbi uku, Habu, ka tambayi kanka: in suna bai fito ba, wa za ka kai ƙara, kuma me za ka ce ka saya? Irinsu sukan karɓi kuɗin yara goma. In biyu suka ci da ƙoƙarinsu sai ya ce shi ya yi, sauran takwas ya ce a jira ɗauka ta gaba. Sayen kifi a ruwa ke nan.

Yaya Habu: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi ban taɓa sanin da takardar sakandare ake shiga ta Kaduna ba, na ɗauka ta 'ya'yan manya ce kawai.

Isiya Mai Kafe: Yaya Habu, Hasan Bala Abubakar da aka naɗa shugaban sojojin sama a 2023 ɗan Shanono ne, kuma ta NDA ya bi. Shanono dai kowa ya san ba cikin birni ba ce.

Ɗanladi Direba: Mutum ɗaya cikin dubu nawa? Kuma wancan zamani daban ne.

Malam Sabo: Ɗanladi, ka ba ni dama in shiga nan, don ni na koyar da Sadi lissafi a aji biyar da shida. Habu, ka turo mana sakamakonsa mu gani, a kansa maganar za ta tsaya.

Yaya Habu: Allah gafarta Malam, ga shi a hannuna. WAEC ya yi. Lissafi C6, Hausa B3, ilimin addinin Musulunci B2, aikin gona C4, bayoloji C5, Turanci D7. Sauran ba su yi kyau ba.

Malam Sabo: To, abin da nake tsoro ke nan. Turancin nan shi ne yake kayar mana da yara kowace shekara. NDA tana neman kiredit biyar, dole Turanci da lissafi su kasance a ciki, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. D7 ba kiredit ba ce. Da wannan takardar, ko wane ne ya riƙe masa hannu ba za ta wuce teburin farko ba. Sannan ba takardar kaɗai ba ce. Sai ya yi JAMB ya sa NDA a zaɓin farko, ya sami makin da suka yanke, ya sayi fom ɗinsu, wannan kam na kuɗi ne amma ta banki ake biya da rasit, ya zauna jarrabawarsu ta tantancewa, in ya ci a kira shi Kaduna gaban kwamitin zaɓe, inda za a duba lafiyarsa da ƙarfinsa, a yi masa tambayoyi baki da baki. Da Turanci za a yi masa su.

Abin da ya fi damuna shi ne shekaru. Yadda aka saba, daga 17 zuwa 21 suke ɗauka. Sadi yana da 19. In ya sake Turanci a jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekarar nan, ko ta NECO ko ta WAEC, ya yi JAMB baɗi, yana da dama ɗaya mai kyau, wataƙila biyu. In aka tsaya jiran mai gurbi har shekara ta zagayo, an ƙona ɗaya a banza. Kuɗin rajistar jarrabawar da na JAMB da na wanda zai zauna da shi ya koya masa Turanci wata uku, duka ba su kai rabin abin da mutumin nan ya nema ba.

Kuma yaron yana da kai. Matsalarsa ba ta wuce ta sauran yaranmu ba: ba ya jin Turanci a ko'ina sai a aji, ajin ma rabin darasin da Hausa muke yi don su gane. Wannan laifinmu ne mu malamai da iyaye, ba nasa ba.

Isiya Mai Kafe: In ƙara a kan ta Malam. Ko kurtun ma Turanci yana ciki. Sojan ƙasa darussa huɗu suke nema aƙalla, Turanci ɗaya daga ciki, kuma a karanta sanarwar shekarar da kyau a ga matakin da suka ce. Na sama da na ruwa kuwa kiredit biyar suke so har da Turanci da lissafi. Na sama a Kaduna suke horar da kuratansu, na ruwa a Onne ta jihar Ribas. Yaranmu ba sa ko kallon fom ɗin sojan ruwa, wai su ba su san teku ba, alhali ga kwalejinsu ta harkar kayan aiki nan a Dawakin Tofa. Shekaru na kurtun sojan ƙasa 18 zuwa 22 ne, amma mai sana'a da takardar shaida, kamar makaniki ko mai walda ko direba ko tela, ana ɗaga masa har 26. Tsawo kuma, a sojan ƙasa, namiji kada ya gaza mita 1.68.

Amma abin da na fi ganin yana kayar da yara a shagona ba Turanci ba ne ma, takardu ne masu karo da juna. A NIN an rubuta Sadi, a WAEC Sadisu, a takardar firamare Sa'adu. A nan an haife shi 2005, a can 2007, saboda ranar da aka je yin katin wani ne ya faɗi shekarar da ka. Sunan uba a wata takardar, sunan gari a wata. Mai tantancewa yana da ɗaruruwan yara a layi, ba zai tsaya jin tarihi ba, gefe zai tura ka. Yaya Habu, daren nan ka baje takardunsa duka a tabarma: NIN, BVN, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar ƙaramar hukuma, ta firamare, ta WAEC. Ka duba harafi da harafi. Gyaran NIN yana ɗaukar lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗanladi Direba: Wannan ta shekaru gaskiya ce. Ni ma a karo na biyu abin da aka ce mini ke nan, takardar haihuwata ta saɓa da ta makaranta. Amma na ga wanda nasa ya fi nawa rikicewa ya wuce. Shi ya sa har gobe ban yarda a ce babu hanya ba.

Baba Saje: Ɗanladi, ba zan rantse maka cewa ba a alfarma ba, ƙasar nan muke ciki duka. Abin da na sani shi ne, ɗauka ana raba ta ne jiha jiha, kuma a cikin jiha ana duba ƙananan hukumomi. Kano tana da 44, Jigawa 27. Yaron da ya zo daga ƙaramar hukumarmu da takardu tsaf, da lafiya, da tsawo, da gudu, ba da duk Najeriya yake takara ba, da 'yan uwansa yake yi. Sau nawa ana zuwa tantancewa a ga yaran wasu garuruwan sun cika fili, namu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, cikinsu ma rabi takarda ta kayar da su? Alfarma tana iya cin wasu gurabe, ba ta cinye duka. Wanda ya zauna a gida ya ce sai da hanya, shi ya ba da nasa gurbin da hannunsa.

Sannan ku gaya wa yara gaskiya a kan gwajin lafiya. Ana duba ido, ana duba jini, ana duba fitsari. Mai shan ƙwaya ko maganin tari, ko ya daina sati biyu kafin ranar, yana jefa kansa a kunya. Ana duba gwaiwa da ƙaba, ana duba tafin ƙafa in shimfiɗaɗɗe ne, da gwiwoyi in suna haɗuwa. Ciwon hanta yana kayar da yara masu ƙarfi da ba su ma san suna da shi ba. Kafin a kashe kuɗin mota, a kai Sadi babban asibiti a yi masa gwajin jini. In akwai abu, gara a sani a nemi magani, ko ba don soja ba.

Maman Auwalu: Assalamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan, 'yata ce take rubuta mini. Kowa yana maganar takarda da tsawo, ba wanda ya koma kan abin da Habu ya faɗa, cewa Inna ba ta barci. Ni na san wannan rashin barcin. Ɗana shekararsa shida a aikin nan. Suna gama Zariya ba a jima ba aka tura su Borno. Akwai lokacin da muka yi wata biyu ba mu ji muryarsa ba saboda inda suke babu sabis. In waya ta yi ƙara da dare gabana ne yake faɗuwa kafin in duba. In aka ce a rediyo an kai hari wani wuri, ba na iya cin abinci sai na ji daga gare shi. Abokinsa da suka shiga tare, wanda yake zuwa gidan nan ya ci tuwo, an binne shi can, uwarsa ba ta ga gawarsa ba.

Ban ce kada a bar yaro ya tafi ba. Ɗana shi ya rufa mana ɗaki da kwano, shi yake biya wa ƙannensa makaranta, kuma in na tuna akwai garuruwan da mutane suka koma gonakinsu saboda irinsu sun tsaya, sai in ji sanyi a raina. Amma kada ku yanke magana ku maza a waje sannan ku shiga ku gaya wa Inna. Ita ta haife shi. Ku zauna da ita, ku gaya mata gaskiya, har da mai ɗacin. In ta yarda ta sa masa albarka, to. In ba ta yarda ba a ba ta lokaci. Ni sai da na yi wata huɗu kafin bakina ya iya furta na amince.

Yaya Habu: Gwaggo, na gode. Jikina ya yi sanyi. Gaskiya ne, mun yi ta shawara da kawunnanmu a zaure, ita sai dai ta ji a bakin yara.

Malam Liman: Abin da Maman Auwalu ta faɗa shi ne addini ma ya faɗa. Wani mutum ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman izinin fita yaƙi, sai ya tambaye shi ko iyayensa suna raye. Ya ce e. Sai ya ce masa ya koma ya yi jihadinsa a cikin hidimarsu. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Tsare rayukan mutane da dukiyarsu aiki ne mai lada ga wanda ya kyautata niyya ya tsare hannunsa daga zalunci, amma ba a fara shi da hawayen uwa. Kuɗin gurbi kuwa sunansa cin hanci, mai bayarwa da mai karɓa duk an tsine musu, kuma in ma ya yi aiki, haƙƙin wani yaron aka danne.

Isiya Mai Kafe: Allah gafarta Malam, har a cikin takardun da ake bugowa bayan an cike fom akwai ta amincewar iyaye ko mai riƙo, sai an sa mata hannu. Akwai ta mai tsaya wa yaro, akwai ta shaidar ƙaramar hukuma.

Rabi'atu: Don Allah mata fa? Ni ina aji shida yanzu, kimiyya nake yi.

Malam Sabo: Ana ɗaukar mata, Rabi'atu, a kurtu da kuma hafsoshi. NDA ta fara karɓar mata a kwas ɗinta na yau da kullum tun 2011. Sharuɗɗan karatu ɗaya ne da na maza, tsawon da ake nema ne ya ɗan ragu. Sai dai dole mai nema ta kasance ba ta da aure, kuma ba a aure ana cikin horo. A garinmu kin san wannan ba ƙaramar magana ba ce, shekara biyar. Ki fara da mahaifinki da mahaifiyarki tun yanzu. In abin ya yi musu nauyi, ki yi karatun jinya ko likitanci har digiri, ƙofar masu ilimi da Baba Saje ya ambata tana nan.

Ɗanladi Direba: Ni dai tambayata ɗaya. A ce Sadi ya sake Turanci, ya yi JAMB, ya je Kaduna, aka dawo da shi. Dubban yara ke nema, 'yan kaɗan ake ɗauka a kowace jiha. Shekara ta tafi, kuɗi sun tafi. Me ya sa ba zai shiga kurtu yanzu ba in an buɗe, ya fara ɗaukar albashi, in ya so ya yi karatu daga ciki? Ba ga masu yin haka ba?

Baba Saje: Tambayarka tana kan hanya. Akwai masu yin haka, na san waɗanda suka shiga farabiti suka yi digiri suna cikin aiki, daga baya suka zama hafsoshi. Amma ka tambaye ni nawa ne cikin waɗanda muka fito tare. Karatu a cikin kaki sai an ba ka izini, izini kuma sai ka cika wasu shekaru, kuma yanzu da ake fama a Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da Neja, yaron da aka yaye yau ba aji za a kai shi ba. Daga nan aure ya zo, 'ya'ya su zo, 'yan uwa a gida kowa ya miƙo hannu, albashin ƙaramin soja kuwa ba wani yawa gare shi ba. Littafi sai ya koma ƙarƙashin katifa.

Lissafin da nake yi wa Sadi shi ne wannan. Ƙofar Kaduna tana rufe masa a 21, ta Zariya a 22. Ke nan in ya gwada Kaduna bai samu ba, Zariya tana jiransa, kuma zai je mata da takarda mai kiredit a Turanci, wadda za ta buɗe masa ta sama da ta ruwa ma. In kuwa ya fara da Zariya, da wuya ya waiwayi Kaduna. Wanda ya gyara Turanci bai yi asarar komai ba ko ta ina aka juya. Kuma in ya ci JAMB, ga makarantar hafsoshin 'yan sanda nan Wudil, ga jami'o'i.

Abu ɗaya zan ƙara, shi kuma Sadi nake gaya wa kai tsaye. Ɗana, gudun asuba yana da kyau, ka ci gaba. Amma abin da ya fi karya yara a horo ba gudu ba ne. A tsawata maka a gaban mutane ba ka yi laifi ba ka ce na'am, a hana ka barci, a ba ka umarni ba a gaya maka dalili ba. In kana da zuciyar da yayanka zai yi maka faɗa ka yi kwana biyu ba ka gaishe shi ba, fara gyara wannan tun a gida. Kuma ranar da aka ba ka bindiga, ka tuna mai kayan miyan da za ka tsayar a shinge irin Innarka ce.

Ɗanladi Direba: To Baba, a kan wannan lissafin na sauka. Amma maganar alfarma ina nan a kan bakana.

Yaya Habu: Jama'a, na dawo da bayani bayan kwana uku. Na baje takardun kamar yadda Isiya ya ce. A NIN an sa masa watan haihuwa daban da na takardar haihuwa, kuma a WAEC sunan kakanmu ne a ƙarshe, a NIN sunan Baba. Da mun ba mutumin nan kuɗi da haka za mu tafi. Na kira shi na ce mun fasa, ya yi ta kira har sau bakwai, ya rage zuwa dubu ɗari biyu da hamsin, na daina ɗauka.

Mun zauna da Inna jiya bayan magariba, ni da Sadi da Kawu. Na karanta mata abin da Gwaggo Maman Auwalu ta rubuta, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Ta yi kuka. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce ya je ya gyara jarrabawarsa tukuna, kuma tana so ta je ta ga Gwaggo da kanta ranar Juma'a. Sadi bai ji daɗin jiran ba amma ya yi shiru ya karɓa.

Malam Sabo, ko za ku iya zama da shi kan Turancin, ko akwai wanda za ku haɗa mu da shi? Za mu biya da abin da ya sauwaƙa in an yanke shinkafa.

Malam Sabo: Ya zo gidana Asabar da Lahadi bayan la'asar. Akwai yara biyu da suke da irin matsalarsa, zan haɗa su. Turancin zan roƙi abokin aikina ya riƙa zuwa, ni in riƙe musu lissafin JAMB. Ya taho da littafin rubutu mai kauri da tsofaffin tambayoyin jarrabawa in yana da su.

Maman Auwalu: A gaya wa Inna ina nan ranar Juma'a, ta zo da hantsi kafin rana ta yi zafi.

Isiya Mai Kafe: Yaya Habu, ku zo shago Litinin da safe da takardar haihuwar ta asali da lambar wayar da aka yi NIN ɗin da ita, mu fara da gyaran watan. Na sunan sai an yi takardar rantsuwa a kotu, zan nuna muku yadda ake rubuta ta. Ku zo da wuri, wuta ba ta kai azahar.